Kaset ɗin da Akuya Ta Cinye

Ku da kuke zama a bencin shagona kuna jiran wayoyinku su cika caji, ina jin abin da kuke faɗa. Wai tawa ba sana'a ba ce, danna jan maɓalli ne kawai, malami ya yi magana, a tura wa mutane. Jiya ma ɗayanku ya nuna mini darasin da yake bi ta intanet, wata baiwar Allah tana zuba bayani kamar an biyo ta da gudu, ya ce ya kusa gama littafin tun kafin azahar. Na tambaye shi abin da ta faɗa da farko, sai ya kama sosa ƙeya yana leƙen waya. To ku gyara zama. Ni Sahabi da kaset ɗin karatu na ci abinci tun kafin sabis ya iso Gummi, kuma a nan na ga yadda karatu yake zama a kan mutum da yadda yake zamewa.

A rumfar Oga Shehu mai gyaran rediyo na fara, cikin kasuwar Gummi, a ƙarshen shekarun casa'in. Aikin farko da ya miƙo mini kaset ne da rikoda ta tauna, zaren ya fito ya cukurkuɗe kamar taliya. Ya ba ni biro, reza da kwalbar jan farce, ya juya ya ci gaba da abin da yake yi. Da biro ake naɗe zare, da reza ake yanke wurin da ya yamutse, a kaikaice, sannan a ɗiga jan farce kaɗan a haɗa baki da baki, a hura har ya bushe. In na gama sai Oga ya sa kaset ɗin a rikoda, ya rufe ido. Muddin ya gane inda na haɗa, zai tsinke shi ya ce in sake. Na sha haushinsa ba kaɗan ba, amma har ya bar duniya ban ga kunne irin nasa ba.

Shi ya koya mini goge kan rikoda da auduga a tsinken ashana, da sipirit, in babu a yi da turare. Shi ya koya mini ɓalle haƙorin da ke ƙasan kaset bayan an gama ɗauka, don kada yaran gida su danna su shafe karatun malam da waƙar gaɗa. Batir kuwa, ya ce kada in yarda in ɗauki magana da wanda ya fara sanyi. In batir ya yi rauni rikoda a hankali take juyawa, ranar da aka sa sabo a saurara sai ka ji babban malami mai gemu yana tsiwa kamar ɗan tsako.

Wani malamin firamare daga Anka ne ya karkatar da ni zuwa kaset ɗin karatu. Ya zo da jadawalin sau na lissafi da ya mayar waƙa, yana so a ɗauka a raba wa iyayen yaran da za su zauna jarrabawar shiga sakandare. Abin ya karɓu. Daga nan sai matan islamiyya waɗanda ba sa fita kullum, sai 'yan makarantar da ke haddace tarihi da labarin ƙasa, sai maniyyata aikin hajji. Na buɗe rumfata da rikoda mai bakin kaset biyu, da akwatin katako inda nake ajiye uwar kowane kaset, wato na asali da ake kwafa daga gare shi. Ranar kasuwa mutanen Bukkuyum da ƙauyukan bakin gulbi sukan tsaya kaina, kowa da kaset ɗinsa a aljihu.

Ga abin da kuke ganin ba aiki ba ne. A kaset ɗin karatu, shiru ya fi magana wuyar ɗauka. In malami ya faɗi gaɓa ɗaya, dole a bar gurbi wanda mai sauraro zai maimaita a ciki. Malamai kuwa ba sa son shiru, bakinsu ƙaiƙayi yake yi. Sai na riƙa zama kusa da gwiwar malami, in ya faɗa in ɗaga masa hannu, in maimaita abin a zuciyata da saurin kakata, in ƙara numfashi guda, sannan in taɓa shi ya ci gaba. Gaɓa ba ta wuce abin da tsohuwa za ta faɗa ba tare da ta haɗiye yawu ba. Kafin a shiga sabo, a waiwayi na baya. Fuskar farko ta koyo ce, in aka juya kaset kuma malami kan magana kawai zai kama, ya bar wa mai sauraro ya ƙarasa. Kuma da Hausarmu ake yi. An sha kawo kaset masu kyau da Hausar rediyo, tsofaffinmu su saurara da ladabi, a kashe rikoda ka tambaye su, ba abin da ya zauna.

Duk wannan na san shi kafin in haɗu da Inna Tumba ta Zugu. Abin da ita ta koya mini daban ne.

Ɗanta Ummaru, direban motar hatsi, shi ya zo rumfata da farkon damina. Ya ce Allah ya nufa ya samar wa tsohuwarsa kujerar Makka, ga shi ba ta taɓa zama gaban allo ba bayan 'yan surorin salla, kuma ta kafe sai ta haddace addu'o'in aikin hajji da bakinta. An kai ta wurin bitar maniyyata, ta dawo ta ce lasifika ta cika mata kai da iska. Na ɗauki Malam Lawali, wanda nake yawan aiki da shi, muka hau kabu-kabu zuwa Zugu, ni da rikoda a cinya, shi da littafinsa cikin gafaka.

Gidan ba shiga ne, amma Ummaru ya yi mana iso. Matarsa Hassi ta koma bayan zana da turminta, aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida. Inna Tumba 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido, irin waɗanda suke kallon ka kamar sun san abin da ka ci da safe. Malam Lawali ya so ya sauƙaƙa mata. Ya ce addu'o'in nan ba sharaɗi ba ne, in ta roƙi Allah da Hausa ma hajjinta ya yi, ko kuma ta bi bayan jagora tana amsawa.

Ta ce, "Malam, na san Allah na jin Hausa. Amma ni tun ina ɗiya ƙarama amin nika cewa bayan bakin wasu. Can gaban Ɗakin Allah ina son bakina shi hwara, ko sau guda."

Malam ya buɗe littafi. A nan tsakar gida muka ɗauka, domin ta ce ba ta shiga ɗaki da zafin nan. Ni dai raina bai so ba, don gidan ba ya shiru. Ana jan ruwa a rijiya, Hassi na daka, jakin maƙwabta na kuka ta bayan danga, ga wata jar akuya a turke wadda ba ta da aiki sai tsoma baki. Na yi ta jan tsaki a ciki. Da muka gama na ɓalle haƙorin kaset, na kwafa a Gummi, na aika mata da nata, uwar na sa a akwati. Ummaru ya saya mata ƙaramar rikoda. Labari ya riƙa zuwa mini cewa Inna ta kama, tana tsinke zogale tana bi, tana kaɗi tana bi.

Shekarar nan ce shekarata mai wuya. Cikin tsakiyar damina aka yi ruwan da ya kwana ya wuni, ya bi ta ƙarƙashin rumfunan gefenmu. Ina gida zazzaɓi ya kayar da ni. Da na samu tashi na je, akwatin uwayen kaset yana zaune cikin laka. Na wanke, na shanya a inuwa, na naɗe da biro ɗaya bayan ɗaya, amma zaren ya manne, wanda ya juya ma sai gurnani. Aikin shekaru ya tafi, har da karatun wani dattijon malami da ya riga ya rasu, wanda ba ni da inda zan sake samun muryarsa. Na yi baƙin ciki sosai. Oga Shehu ya ba ni aron rikoda, na koma bin malamai gida gida ina sake ɗauka, har kaka ta wuce.

Ana saura 'yan makonni maniyyata su tafi sansani, sai ga Ummaru a rumfata, ya ajiye mini ƙoƙon kaset fayau, babu zare ko kaɗan. Ya ce, "Sahabi, akuya ta canye karatun Inna."

Rikoda ce ta tauna zaren, Inna ta jawo shi a hankali kamar yadda take jan zaren auduga, ya yi ta fitowa. Don kada ya yi datti ta rataya shi a danga kafin Ummaru ya dawo. Jar akuyar nan ta miƙa wuya ta yi ta zuƙa har ta kai ƙarshe. Na yi dariya har da riƙe ciki, sannan na tuna uwar kaset ɗin tana cikin waɗanda ruwa ya ci.

Ban damu sosai ba. Malam Lawali yana nan, littafi yana nan. Muka shiga ɗakinsa, muka rufe ƙofa da taga, na sa sabon batir, muka ɗauki karatun daga farko har ƙarshe, kalma ɗaya ba ta canza ba, gurbi daidai da na da. Ban taɓa ɗaukar kaset mai tsabta kamarsa ba. Na kai shi Zugu da kaina, Malam na biye, ina jiran a sa mini albarka.

Aka kunna. Malam ya faɗi gaɓar farko a cikin rikoda, gurbi ya zo, bakin Inna bai motsa ba. Ta biyu ta wuce, ta uku ta wuce. Ta kama wata daga tsakiya, ta haɗa ta da wutsiyar wata, ta tsaya. Ta dube ni.

"Wanga ba shi na ba," ta ce. "Ina guga? Ina akuyata?"

A nan na gane. Ashe duk watannin nan ba muryar Malam kaɗai take haddacewa ba, har da gidan gaba ɗaya. Kowace addu'a ta rataye ta a jikin wani ƙara, yadda take rataye ludayi a ƙusa. Ni da na share ƙarar, na cire mata ƙusoshin. Ga shi lokaci ya ƙure, tsohuwa ba za ta sake sabon koyo cikin 'yan makonni ba.

Dabara ta farko da ta zo mini ta wauta ce, kuma duk mun yarda da ita. Muka ce a sake ɗauka a tsakar gida, kowa ya yi abin da ya yi a wancan karon. Hassi ta koma bayan zana da taɓarya. Aka aika a jawo jakin maƙwabta, aka ce an sayar da shi tun bayan girbi. Akuya kuwa, inda ake so ta yi kuka sai ta tsaya tana tuƙa tana kallon mu. Ummaru ya ɗauke ɗan akuyar ya ɓoye bayan rumbu, sai ta ɓarke da ihu babu tsayawa, har muryar Malam ba ta fita. Ya dawo da ɗan, ta yi tsit. Malam Lawali da rawaninsa yana cewa a ɗan matsa wa akuyar kunne, Hassi ta yi ta dariya a bayan zana har taɓarya ta kuɓuce mata.

Inna Tumba ba ta yi dariya ba. Na juya na ga tana share ido da bakin zane, tana cewa shi ke nan, amin ɗin dai ita ce rabonta. Tausayinta ya kama ni, na kashe rikoda na ture ta gefe. Ban san abin da zan yi ba, don dai in ɗebe mata kewa na tambaye ta.

"Inna, cikin tsohon kaset, mi kij ji da hwarko?"

"Guga ya hwaɗa rijiya," ta ce. "Sai Malam yay yi gyaran murya, sai yac ce..."

Sai niyya ta fito daga bakinta, cikakkiya, har da inda Malam yake jan numfashi. Muka dubi juna ni da Malam. Na ce sai me kuma? Ta ce sai Hassi ta fara daka, kuma addu'ar shiga masallaci ta biyo bayan dakan. Sai jaki. Sai akuya. Kaset ɗin da akuya ta cinye yana nan cikin kan tsohuwa, ba abin da ya ɓata, hanyar shiga ce kawai ba ta sani ba in ba rikoda ce ta buɗe mata ba.

Malam Lawali ya yi murna, amma ya kawo maganar da ke raina. Ya ce a Makka fa babu wanda zai tsaya yana tambayar ta sai me, kuma babu akuya. Na ce to a bar kunne, a koma ƙafa. Na miƙa wa Inna sandarta, na ce ta tashi ta je bakin rijiya ta faɗi na rijiya, ta taka zuwa turmi ta faɗi na turmi, ta bi ta jikin dangar maƙwabta, ta tsaya a turke ta yi addu'ar ɗawafi, ta wuce akurkin kaji don ta Safa da Marwa, ta ƙare a bakin zaure inda kiran la'asar ya shigo mana a wancan karon, ta yi ta Arfa. Ta zaga, muna biye da ita kamar 'yan rakiyar amarya. Na ce ta yi haka safe da yamma. In ya zauna, ta daina tashi, ta zauna a tabarma ta zaga gidan a zuci. Sabon kaset ɗina mai tsabta na mayar da shi aljihu, a Gummi na sayar wa wani.

Tun daga ranar na canza aiki. In zan ɗauki karatu, ba na rufe taga. In zakara ya yi cara a tsakiyar darasi, na bar shi. Mai saye kuma nakan tambaye shi inda zai riƙa saurare, in ce ya raba karatun a kan wuraren da ƙafarsa ta sani, ko gida, ko hanyar gona, ko layin kasuwa. Da aka daina kaset aka koma faifan sidi, daga baya aka koma memori, na'ura ce kawai ta canza a hannuna. Har masu haƙar zinariya da suka fara cika ƙauyukan Anka daga wasu garuruwa sun zo na sa musu darasin gaisuwa da ciniki da Hausarmu, na ce su rataye shi a kan hanyar rami zuwa injin niƙa. Ku ma darasin intanet ɗin nan naku ba laifinsa, tsayar da shi ne ba ku yi, kuma ba ku ba shi wurin zama.

Da alhazai suka dawo, muka tafi Zugu yi wa Inna barka, ni da Malam Lawali. Gida ya cika, ana raba dabino da ruwan zamzam a 'yan kofuna. Muna shiga na ga Ummaru da mahauci suna jan jar akuya zuwa bayan gida, tana turjewa. Ummaru ya ce yau za ta biya karatun da ta ci, da ita za a yi wa baƙi miya.

Inna Tumba tana zaune cikin mata da farin mayafi, ta rame, murya ta dushe. Ta ɗaga hannu ta ce a tsaya. Ta ba da labari a gaban kowa. Ta ce ranar da suka shiga ɗawafi, mutane suka matse ta, hannun matar da take riƙe da shi ya suɓuce, ta ɗaga kai ta ga Ɗakin Allah a gabanta, sai kanta ya zama wayam. Ko sunanta aka tambaye ta a lokacin ba za ta iya faɗa ba. Ƙafa na tafiya, baki a bushe. Sai ta koma Zugu a zuci. Ta tsaya bakin rijiya, ta wuce turmi, ta bi jikin danga, ta iso turke.

"Sai wagga tab buɗe baki," ta ce, tana nuna akuyar da sanda. "Sai addu'a taz zaka. Ni hwara da ƙarhi, ban ji kunyar kowa ba. Ina cikin yi sai nij ji wata mata bayana, ban san ƙasarsu ba, ta kama bakin mayahina. Duk inda nit tsaya, sai ta ce amin."

Malam Lawali ya sunkuyar da kai yana gyara rawanin da ba abin da ya same shi, ni kuma na ji idona ya cika.

Inna ta dubi ɗanta ta ce, "Ummaru, kwance ta. Da ita niy yi ɗawahi."

Ummaru ya zare igiyar daga hannun mahauci, ya mayar da akuya turkenta, ya zuba mata harawa, sannan ya hau babur ya tafi neman rago.